Ranar da Balaraba Ta Kira Sunan Ɗanta

"Mama, ki matso da bakinki kusa da wayar. Sunansa kawai za ki kira, yadda kike kiransa a gida."

Balaraba ta dubi wayar da Dakta Vivian ta miƙo mata, ta dubi 'yarta Zakiyya, sannan ta ja gefen mayafinta ta rufe baki. Suna cikin ɗan ofishin da ke jikin ɗakin majinyata masu tsananin ciwo, fanka tana ta juyawa a sama amma iskar da take kawowa mai ɗumi ce.

"Likita," in ji Zakiyya tana murza yatsunta, "Umma ba ta kiran sunansa. Ɗan fari ne."

Dakta Vivian ta sauke wayar a hankali. Bajukuna ce daga Wukari, ta daɗe a Jalingo, Hausarta kuma irin ta kasuwa ce, wadda in ta yi sauri sai ta ce wa mace "ka". Ta dafa goshi.

"Kai, na manta. Yi haƙuri, Mama. Maƙwabtana Fulani ma haka suke yi. To me kike ce masa?"

Zakiyya ce ta ce, "Kai. Ko kuma yaron nan."

Yaron nan, wato Muntasir, ya kusa shekara talatin, kuma duk unguwarsu ta Sintali an san shi da aikin sola. Makonnin baya yana ɗora farantin sola a kan rufin wani bene a unguwar Mayo Gwoi tsani ya zame da shi, ya faɗo da ka. An yi masa aiki, an huda masa maƙogwaro an sa bututu, an zura wani ta hanci ana ba shi abinci. Daga baya ya buɗe ido, gida ya ɗauki murna, sai murnar ta koma ciki, domin idon ba ya bin kowa. A kira shi, a tafa masa hannu, a matse masa farce, yana nan yadda yake. Likitoci suka ce jikin ne ya farka, amma babu alamar ya san inda yake.

Dakta Vivian ce kaɗai ta ce akwai sauran abin da ba a duba ba. Ta yi musu bayani a baranda cewa wasu masu irin wannan kwanciya suna ji, suna kuma ganewa, hanyar da ke kai saƙo daga kai zuwa gaɓoɓi ce ta yanke. Akwai na'urar da ake manna wayoyinta a fatar kai ta ɗauko motsin ƙwaƙwalwa. In aka ce wa mutum ya matse hannu, ko hannun bai motsa ba, wurin da ke juya hannun a cikin kai yana iya motsawa, na'urar kuma ta kama. Jiya aka gwada da muryar Zakiyya, ba a ga wani abin kirki ba. Likita ta ce sau ɗaya ba ya isa, mai yiwuwa barci ya rinjaye shi, a sake da safe. Amma jiyan nan da yamma mahaifinsa, Malam Ɗantani, ya yanke magana: yau bayan azahar zai zo da mota a mai da yaron gida, ya ƙarasa abin da Allah ya rubuta masa a ɗakin uwarsa, ba a cikin ƙarafa ba.

"Ba dole ba ne, Mama," in ji Dakta Vivian. "Muryar da mutum ya sani tun yana ciki tana jan hankalinsa, shi ya sa na so taki. Amma ta Zakiyya tana nan, sai mu sake sa ta."

Balaraba ta miƙe ta fita.

A bakin gadonsa ta tsaya. Nas Rose ta riga ta wanke masa kai, tana shafa wani farin abu mai danƙo tana manna ƙananan ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, tana kauce wa wurin ɗinkin. Wayoyi masu launi iri-iri suka zubo ta bayan kansa kamar an fara masa kitso. Ya rame. Hannun nan nasa mai kanta, wanda kullum yake da tabon ƙuna ko yanka, ya yi laushi ya yi fari kamar na mai jego. Idonsa a buɗe, yana kallon wani wuri tsakanin silin da taga.

Ta tuna ranar da ta haife shi. Tana yarinya, a gidan surukai 'yan Katsina masu riƙon al'ada, kakarsa ta ɗauke shi ta goya, ita kuwa sai an kawo mata shi ta ba shi nono tana kallon bango. Haka aka yi mata tarbiyya, haka uwarta ta yi wa yayanta, ba ta taɓa ganin abin a matsayin rashi ba. Son da take masa a tuwo yake fita, a malmalar da ta fi ta kowa girma, da naman da take turawa ƙarƙashin miya. Da ya girma sai ya mai da abin wasa. Ya dawo daga aiki ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ya ce, "Umma, wai don Allah mene ne sunana? Na manta." Ta ɗauki mafici ta jefe shi, ya kauce yana dariya. Ranar da ya haɗa mata sola a ɗaki ya kunna fitila da fanka, ya tsaya yana jiran magana, abin da ta ce kawai shi ne, "A rage ƙarfin iskar nan, za ta sa ni mura." Da ya fita ta zauna ta yi ta kallon fitilar har ƙwalla ta cika mata ido.

"Mama, kin ga yau ya ɗan fi jiya buɗe ido," in ji Rose.

Balaraba ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, sannan ta juya ta koma ofis.

"Likita, kawo wayar. Amma kowa ya fita."

Dakta Vivian ba ta nuna mamaki ba. Ta zauna ta faɗa mata abin da za ta ce. Da fari sunansa, sannan waɗansu sunaye da ba nasa ba, don a gwada bambanci. Bayan haka umarni biyu: ya yi ta matse hannun dama yana saki, sai kuma ya daina.

"A ce masa filaya," in ji Zakiyya daga bakin ƙofa. "Yaya ko barci yake hannunsa ya san filaya."

"Yauwa, wannan ya fi," in ji likita. Ta nuna wa Balaraba jan ɗigon da za ta taɓa, ta ja Zakiyya suka fita, ta rufo ƙofa.

Balaraba ta zauna ita da wayar. Ta taɓa ɗigon, ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Matar da ke sayar da atamfa a babbar kasuwa, wadda ake jin muryarta daga layin 'yan takalma in tana ciniki, sai ga shi harshenta ya yi nauyi kamar dutse. Ta kashe. Ta sha ruwa. Ta fara da masu sauƙi, ta ce Jabir, ta ce Nasiruddeen, ta ce Zaid, duk suka fita sumul. Ta dubi ƙofa, ta dubi taga, ta yi bisimilla a zuci.

"Muntasir."

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ba tata ba. Sunan ya yi mata baƙo a baki, ga shi kuma ta fi kowa saninsa. Ta ji kunya ta rufe ta tun daga ka har ƙafa, a bayan kunyar kuma wani abu ya kwance a ƙirjinta wanda ba ta san a ɗaure yake ba. Ta goge fuska ta sake, wannan karon da muryar da take kiran yara cin abinci.

"Muntasir. Ka ɗauki filayarka da hannun dama. Ka yi ta matsewa kana saki, ka yi ta yi." Ta numfasa. "To, ya isa. Ka daina, ka huta."

Da aka tashi gwajin, sai da aka kashe fanka, aka ce kowa ya kashe waya, domin na'urar tana ɗaukar hayaniyar lantarki ta gauraya da ta ƙwaƙwalwa. Nan da nan zufa ta fara karyo wa kowa. Rose ta maƙala masa abin saurare a kunnuwa. Dakta Vivian ta zauna gaban kwamfuta, layuka suka fara gudu a fuskarta, a jere kamar kunyoyin gona, suna rawa. Aka bar Balaraba da Zakiyya suka tsaya jikin bango da sharaɗin ba magana, ba taɓawa.

Ba ta jin abin da ake faɗa masa, amma ta san muryarta ce ke shiga kunnensa, tana maimaituwa. Ta kafa wa hannunsa na dama ido. Ta roƙi Allah ko ɗan yatsa ne ya motsa. Ta koma kan fuskarsa, ko gira, ko leɓe. Ƙuda ya sauka a kan zanen gado ya tashi. Aka yi ta yi, a tsaya a sake, a tsaya a sake, har ƙafafunta suka gaji. Hannun yana nan a shimfiɗe yadda Rose ta ajiye shi.

Da likita ta cire masa abin sauraren, Balaraba ta ce a hankali, "Bai ji ba."

"Ban sani ba tukuna, Mama. Ni ma da ido ba zan gane ba. Layukan nan sai kwamfuta ta tace su, ta gwada lokacin da kika ce ya matse da lokacin da kika ce ya daina. Zan tura wa abokin aikina a Abuja, mu duba tare. Ki ba ni zuwa bayan azahar."

"Bayan azahar Malam zai zo."

"Na sani," in ji Dakta Vivian, ta naɗe wayoyinta da sauri.

Balaraba ta yi salla a ƙarƙashin bishiyar darbejiya inda masu jinya ke shimfiɗa tabarmi. Zakiyya ta sayo mata kunu, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Tana nan zaune ta hango farar bas ɗin Maliki, maƙwabcinsu mai jigilar kaya, tana shigowa. An cire kujerun baya. Ta cikin gilashi ta gane katifar da aka shimfiɗa, ta ɗakin Muntasir ce.

Malam Ɗantani ya fito yana gyara hula. Tela ne, mutum mai sanyin magana, wanda a makonnin nan rigunansa suka yi masa yawa. Ta riga shi isa barandar, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin.

"Sannu da zuwa, Malam."

"Yauwa. An haɗa kayan?"

"Ba a haɗa ba."

Ya dube ta. Maliki ya ja baya kaɗan ya shiga duba makullin motarsa.

"Likita ta ce a jira sakamako," in ji ta.

"Jiya ma an jira." Bai ɗaga murya ba. "Balaraba, ke ba kya nan lokacin da suke zura masa roba a maƙogwaro suna zuƙe majina. Ni ina nan. Jikinsa har karkarwa yake. In ba ya ji, me muke tsare da shi a nan? In kuma yana ji, wace irin azaba ce muke ba shi? Ni na ga gara ya koma gida, a yi masa addu'a a kansa, ya ji ƙamshin gidansu. Ba gajiya na yi ba, Allah ya sani."

"Na san ba gajiya ka yi ba."

"To ki ba ni hanya."

Tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa musa masa a gaban mutane ba. In tana da magana sai an shiga ɗaki. Ta ji idon masu jinya a kanta, ta ji Zakiyya ta riƙe mata gefen zane ta baya. Ba ta matsa ba.

"Malam, ba za a taɓa shi ba sai matar nan ta fito. In ta ce babu, ni da kaina zan riƙe kansa a mota." Ta sunkuyar da kai, muryarta ta yi ƙasa. "Na kira shi yau. Da sunansa. An sa masa a kunne."

Malam Ɗantani ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Can ya juya ya nemi benci ya zauna, ya ciro carbi.

"Maliki, kashe motar," ya ce, ko da yake motar a kashe take.

Jiran ya yi tsawo. Rana ta karkata, inuwar baranda ta miƙe har bakin kwata. Aka wuce da wani a kan gadon turawa, wata mata tana bin su da kwanon abinci. Maliki ya je ya dawo. Balaraba tana tsaye inda take, ta jingina da bango, har ta daina jin ƙafafunta.

Sai ga Dakta Vivian ta ɓullo daga ƙarshen baranda, kwamfuta a buɗe a hannunta, tana tafe kamar za ta ruga. Tun daga nesa Balaraba ta ga fuskarta, ta rabu da bangon ta nufe ta.

"Mama! Baba! Ku zo, ku zo ku gani. Mama, yaronka yana ciki!"

Ta ɗora kwamfutar a kan benci, ta durƙusa a gabanta ba ta damu da farar rigarta ba. Suka kewaye ta. A fuskar kwamfutar akwai zanen kai guda biyu, kamar an leƙo mutum daga sama, ga hanci ga kunnuwa.

"Wannan na hagu, lokacin da Mama ta ce ya huta. Kun gani, launi ɗaya ne ko'ina. Wannan kuma lokacin da ta ce ya matse filaya." Ta sa yatsa a kan wani shuɗin tabo a gefe guda. "Nan ne wurin da ke juya hannun dama. A ɓangaren hagu yake, haka Allah ya yi mu, a gicciye. In ta ce matse, ya kunnu. In ta ce daina, ya mutu. Mun juya, mun gauraya, mun sa kwamfuta ta canka ba tare da ta san wane lokaci ne wane ba, tana faɗa daidai. Abokina bai yarda ba sai da ya sake da kansa."

"Ba motsin jiki ba ne kawai?" Malam Ɗantani ya tambaya. "Irin wanda yake yi in an taɓa shi?"

"A'a, Baba. Wancan ko mutum bai san kansa ba yana yi. Wannan sai ya ji maganar, ya gane ta, ya yi niyya, ya riƙe niyyar har a ce ya bari. Hannun ne bai samu saƙon ba. Amma shi ya aika."

Zakiyya ta zube a wurin ta kai goshi ƙasa. Maliki ya cire hula yana ta faɗin Allahu akbar, yana juyawa yana neman wanda zai gaya wa. Rose da ta leƙo daga ƙofa ta ɗaga hannu biyu sama ta ce, "Yesu na gode!" sannan ta toshe bakinta da ta tuna inda take. Masu jinyar da ke baranda suka taso. Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Mumuye da ke jinyar mijinta, wadda suka yi makonni suna raba tabarma da Balaraba ba su da yaren kirki a tsakaninsu, ta kama hannunta biyu tana girgizawa tana cewa, "Yaro ya ji, Mama, yaro ya ji!"

Balaraba ba ta yi kuka ba, ba ta yi guɗa ba. Shuɗin tabon take kallo.

"Sunan fa?" ta ce.

Dakta Vivian ta danna wani wuri, wasu layuka suka fito, uku a kwance kusan tare, ɗaya ya yi tudu ya rabu da su.

"Waɗannan sunayen mutane ne. Wannan mai tudun nasa ne."

"Jiya da Zakiyya ta kira bai yi ba."

"Bai yi ba. Amma gaskiya, Mama, ba zan ce miki don muryarki ba ce. Wataƙila ita ce, wataƙila jiya barci yake. Na'urar ba ta faɗin wannan."

Balaraba ta gyaɗa kai. Ita ba ta buƙaci na'ura ta faɗa mata ba.

Malam Ɗantani ya share fuska da hannun riga. "Likita, zai tashi?"

Ta rufe kwamfutar, ta miƙe, murnar fuskarta ta ɗan lafa.

"Ba zan yi maka alkawari ba, Baba. Masu nuna wannan alama sun fi samun dawowa a kan waɗanda ba su nuna ba, wannan an gani. Amma wani yana dawowa da magana, wani da hannu ɗaya, wani yana daɗewa, wani ba ya kaiwa. Abin da na sani yau shi ne akwai mutum a gadon nan. Saboda haka aiki ya canja. Akwai maganin da ke taimaka wa ƙwaƙwalwa ta farfaɗo, za mu fara. Masu motsa gaɓoɓi za su riƙa zuwa kullum. Abin da ka faɗa na zuƙe majina kuma, ka yi gaskiya, za mu riƙa rage masa zafi kafin a yi. Kuma daga yau ba mai taɓa shi sai ya gaya masa abin da zai yi. Na nuna wa babban likita, ya ce gadon nasa ne."

"Ke nan duk abin da ake faɗa a kansa…"

"Ba kowane lokaci ba. Yana zuwa yana tafiya, kamar mai gyangyaɗi. Amma ku ɗauka yana ji."

Malam Ɗantani ya gyara wuyan rigarsa, ya daidaita hula kamar mai shirin shiga wurin manya, ya nufi ƙofar. Da ya isa sai ya tsaya, ya yi sallama da cikakkiyar murya, ya ɗan dakata kamar yadda ake dakata wa mai gida, sannan ya shiga. Ta gilashin ƙofa Balaraba ta ga ya ja kujera, ya ɗauki hannun daman yaron ya riƙe a cikin nasa biyu, kafaɗunsa suna girgiza. Ba ta ji abin da yake faɗa ba, ba ta kuma so ta ji.

Da ya fito idonsa ja wur, amma tafiyarsa ta canja.

"Maliki, Allah ya saka da alheri, an ɓata maka yini."

"Haba Malam! Wallahi ban taɓa jin daɗin komawa ba kaya irin yau ba."

"Sauko da katifar. Uwarsa ta daina kwana a tabarma."

Kafin la'asar labari ya kai Sintali. Wayar Zakiyya ba ta huta ba, abokan aikinsa suna kira, 'yan layin atamfa suna kira, wata gwaggo daga Katsina tana kuka tana dariya a lokaci guda. Zakiyya tana ta maimaita wa kowa, "A'a, bai tashi ba tukuna, amma yana ji, an gani a na'ura, wallahi da idona na gani." Rose ta shiga canja masa ledar ƙarin ruwa, Balaraba ta ji tana cewa, "Oga Muntasir, sannu, ni ce Rose, zan ɗaga hannunka kaɗan." Dakta Vivian ta wuce da jakarta, gajiya ta fito mata a fuska, Balaraba ta tare ta.

"Likita, muryar nan tawa da ke cikin wayarki."

"Tana nan, Mama. Gobe da safe za mu sake, kullum ma, mu ga yadda yake ƙaruwa."

"To. Amma a kunnensa kawai. Kada a kunna a gaban mutane."

Dakta Vivian ta yi dariya har ta dafa bango. "Na yi alkawari. Wannan kam zan iya."

Aka kira salla. Malam Ɗantani da Maliki suka nufi masallaci, Zakiyya ta tafi alwala da waya a kunne. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar na'urori da fankar da aka sake kunnawa. Balaraba ta shiga ta zauna a kujerar da mijinta ya bari. An wanke masa danƙon kai, gashin da ya fara tsirowa ya kwanta luf. Hasken yamma ya shigo ta taga ya sauka a kan kafaɗarsa.

Makonni ta yi tana zama a nan tana kallonsa yadda ta ga dama, abin da ba ta taɓa samu ba tun yana jariri. Yanzu da ta san yana ciki sai ta ji idonta yana neman bango. Ta gyara masa zane, ta kore ƙuda, ta gyara zanen kuma. Ta leƙa ƙofa ta ga ba kowa. Sannan ta matso da kujerar, ta kai bakinta kusa da kunnensa.

"Muntasir," ta ce. Wannan karon sunan bai sarƙe ba. "Sannu da aiki. Ka yi ƙoƙari yau, na gani. Gobe ma in an ce ka matse, ka matse da ƙarfi, kada ka ba ni kunya a gaban likita."

Ta ɗora tafinta a kan goshinsa, ta bar shi nan. Daga baranda ta jiyo takun Zakiyya tana dawowa. Ta janye hannun da sauri, ta ja mayafi, ta sake sunkuyawa.

"Kuma in ka tashi, ba ka ji komai ba. Ka ji ko?"